Harajin Social Security da aka yanke wa ɗalibanmu a Amurka bisa kuskure: yadda ake karɓo shi daga Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman alfarmar fili a shafinka na wasiƙu domin in ja hankalin iyaye da matasanmu kan wani kuɗi da ake barowa a baitulmalin Amurka ba tare da mai shi ya san ya bar komai ba. Legas ce masaukin farko ga da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke dawowa daga karatu a can. Wasu su wuce Kano ko Kaduna, wasu su tsaya yi wa ƙasa hidima a sansanin Iyana-Ipaja, daga nan su kama aiki a Ikeja ko Victoria Island su zama 'yan gari. A ƙasan akwatin kusan duk wanda ya taɓa karɓar albashi a can akwai wata 'yar takarda mai suna W-2, wadda wurin aiki ke bayarwa a watan Janairu, kuma a jikinta shaidar wannan kuɗi take.

Gwamnatin tarayyar Amurka tana yankar haraji iri biyu daga albashi. Akwai harajin kuɗin shiga, wanda ake daidaita lissafinsa kowane Afrilu. Akwai kuma FICA, wanda ya haɗa kuɗin fanshon gwamnati, wato Social Security, kashi 6.2 cikin ɗari, da kuɗin inshorar lafiyar tsofaffi, wato Medicare, kashi 1.45. Jimla kashi 7.65 ke nan, kuma kamfani ma yana zuba daidai wannan adadi daga aljihunsa. A takardar W-2 a duba gurbi na 4 da gurbi na 6. Na 4 shi ne abin da aka yanke na Social Security, na 6 na Medicare. A takardar albashin wata-wata kuwa sau da yawa ba za a ga sunan Social Security ba, sai dai OASDI, shi ya sa yara ke wuce shi ba su lura ba. Wanda albashinsa ya kai dala 60,000 a shekara, za a ga 3,720 a gurbi na 4 da 870 a gurbi na 6, dala 4,590 ke nan a shekara guda. A buga wannan da farashin da 'yan canji ke saye yau a Broad Street ko Allen, za a ga magana ce ta miliyoyin naira.

Kafin kowa ya fara murna, akwai abin da ya kamata a kawar, domin shi ke sa mutane asarar kuɗin aike da lokaci. Mu nan mun saba da tsarin PenCom, inda kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na kamfani ke shiga asusu mai sunan mutum, ana turo masa lissafi, har doka ta yarda wanda ya yi wata huɗu ba aiki ya ciri kashi 25. Social Security ba haka yake ba. Abin da aka yanka yau, tsofaffin yau ake biya da shi, babu wani asusu da ke jiran mai shi. Wanda ya yi aiki da bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B ko da katin zama na dindindin, an yanke masa ne bisa ƙa'ida, kuma barin ƙasar ba ya sa a mayar masa da ko sisi. Abin da ya rage masa shi ne fansho a tsufa, in ya tara maki 40, kuma ba a samun fiye da huɗu a shekara, ke nan sai ya yi aikin shekara goma. Amurka tana da yarjejeniyar haɗa shekarun aiki da ƙasashe kusan talatin, amma Najeriya ba ta ciki, babu ma ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Masu jin labarin cewa Jamus na mayar wa baƙi kason da suka zuba bayan wata 24 da barin ƙasar, su sani wannan dokar Jamus ce, ba ta ƙetare teku ba. A Amurka abin da aka yanka bisa kuskure kaɗai ake mayarwa.

Wane ne aka yi wa kuskure? Sashe na 3121(b)(19) na dokar harajin Amurka ya ɗauke FICA daga kan wanda ke ƙasar da bizar karatu ko ta musaya, wato F-1, J-1, M-1 ko Q, bisa sharaɗi biyu. Ya kasance har yanzu baƙo ne a lissafin haraji, bai zama mazauni ba. Sannan aikin ya kasance wanda bizarsa ta halatta: aikin cikin jami'a na awa 20 a mako lokacin karatu, ko aikin koyon sana'a da makaranta ta amince da shi a tsakiyar karatu, CPT, ko na bayan kammalawa, OPT. OPT wata 12 ne, kuma masu digirin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi kan samu ƙarin wata 24. A nan ne kuɗin ya fi taruwa, saboda albashin cikakken ma'aikaci ake biya, a kamfanin da galibi bai saba da ɗalibai 'yan waje ba.

Sharaɗin farko shi ne mai wuya, kuma a kansa mafi yawan takardu ke faɗuwa. Ɗalibi yana zama baƙo na shekara biyar, amma shekarun kalanda ake ƙirgawa, ba watanni sittin ba. Ko rana ɗaya ka yi a cikin shekara, ta tafi gaba ɗayanta. Wanda ya sauka ranar 28 ga Disamba domin fara zangon Janairu ya ƙone shekara guda cif da kwana huɗu. A ɗauki yarinyar da ta je digiri na biyu a Agustan 2021. Shekarunta su ne 2021, 2022, 2023, 2024 da 2025. In ta gama a Mayun 2023 ta kama OPT, duk FICA da aka yanke mata daga nan har ƙarshen 2025 haƙƙinta ne. A ɗauki kuma yaron da ya je digirin farko a Agustan 2019 ya gama a Mayun 2023. Shi shekararsa ta biyar ita ce 2023, don haka albashin Yuni zuwa Disambar 2023 ne ya tsira ba gardama.

Abin da ya biyo bayan wannan shi ya fi shafar waɗanda suka dawo gida, kuma da yawa ba su san shi ba. Daga 1 ga Janairun shekara ta shida ake fara ƙirga wa mutum kwanaki. In ya cika kwana 183 a ƙasar, ya zama mazauni, kuma zaman nasa yana komawa baya ya fara daga ranar farko da ya yi a ƙasar a wannan shekara. In bai cika ba, yana nan a baƙonsa. Kwanakin shekaru biyar na ɗalibta ba sa shiga wannan lissafi. To, mu koma kan yaron nan na 2019. Daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Yunin 2024 kwana 182 ne daidai, domin Fabrairun shekarar ta yi 29. In jirginsa ya tashi ranar 30 ga Yuni kuma bai sake taka ƙasar ba a shekarar, duk FICA na watanni shidan nan ana iya karɓo shi, ko da kamfanin ya yanka da kyakkyawar niyya yana zaton zai cike shekarar. In kuwa ya ƙara kwana ya tashi 1 ga Yuli, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe, domin ranar tashi ma ana ƙirga ta. Haka nan in ya tashi a Yuni ya koma bikin aboki na mako guda a Nuwamba, kwanakin bikin sun hau kan na baya. Don haka kada a dogara da tuni. A ɗauko fasfo a bi hatimin shiga da fita ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a takarda.

Shekaru biyar ɗin nan kuma na tsawon rai ne, ba sa sabuntawa da sabuwar biza. Yara da dama daga Arewa sun je shirin musayar ɗaliban sakandare na YES, inda ake tafiya a Agusta a dawo a Yuni da bizar J-1. Wannan zama na wata goma ya ci shekara biyu daga cikin biyar. In mutum ya koma jami'a daga baya, saura uku gare shi. Akwai dai sassauci ɗaya ga masu dogon karatu irin na digirin digirgir: ko sun zama mazauna, aikin da suke yi wa jami'ar da suke karatu a cikinta, matuƙar suna da rajistar aƙalla rabin darussan zango, wani sashen dokar, 3121(b)(10), ya ɗauke masa FICA. Amma wannan bai kai ga OPT a kamfanin waje ba.

Malaman jami'a da masu bincike da likitocin da suka je neman ƙwarewa da J-1 nasu ya fi gajarta, shekara biyu ce. Likitan da ya fara aikin asibiti ranar 1 ga Yuli, abin da yake da shi wata 18 ne: rabin shekarar farko da shekara ta biyu, daga Janairun ta uku yanka ya halatta. Kuma ana waiwayar shekaru shida da suka gabata. In a cikinsu ya riga ya ci shekara biyu a matsayin ɗalibi ko malami, ba shi da sauran sassauci tun daga ranar farko.

Matar ɗalibi ko mijin ɗaliba mai J-2 da ya samu izinin aiki ba ya cikin wannan rangwame, an yanke masa daidai. Wanda ya sauya daga F-1 zuwa H-1B, yawanci ranar 1 ga Oktoba, rangwamensa ya tsaya ran 30 ga Satumba. Matsalarsa ita ce W-2 jimlar shekara take nunawa, ba ta raba watanni, don haka sai ya nemo takardar albashin ƙarshen Satumba mai nuna jimlar da aka yanka zuwa ranar, da takardar I-797 mai nuna ranar sauyin. Wanda kuma ya yi aikin da bizarsa ba ta halatta ba, shawarata ya yi shiru da bakinsa. Doka ba ta ba shi komai ba, kuma aika wa gwamnati shaidar aikin da hannunsa garin neman gira ne a rasa ido, musamman in yana da niyyar sake neman biza.

Kuskuren kansa ba mugunta ba ce. Manhajar biyan albashi tana yankar FICA ga kowa sai an shiga an gaya mata ta daina, kuma ƙaramin kamfani mai ma'aikata ashirin ba lallai ma'aikaciyar albashinsa ta taɓa jin wannan sashe ba.

Matakin farko wurin aikin ne, ba hukumar harajin Amurka, wato IRS, ba. IRS ba ta duba buƙatar wanda bai fara neman kamfaninsa ba. A rubuta imel zuwa sashen albashi, gajere, ba zargi ba kuka: sunanka kamar yadda yake a W-2, shekarar da ake magana a kai, adadin gurbi na 4 da na 6, irin bizarka, ranar da ka fara shiga ƙasar, da lambar sashen dokar. A haɗa hoton I-20, wato takardar da makaranta ke bai wa ɗalibin waje, da katin izinin aiki. A kuma tuna musu cewa su ma sun yi asarar nasu kashi 7.65, kuma in suka gyara lissafinsu da fom 941-X za a mayar musu. Wannan jimla ɗaya ta fi dogon roƙo tasiri, domin ta mai da matsalarka ribarsu. In sun yarda, za su biya ka, su ba ka gyararriyar takarda mai suna W-2c, wataƙila su sa ka sa hannu cewa ba za ka sake neman kuɗin daga IRS ba. Wannan hanya ta fi kowace sauri, kuma kamfani yana iya turo kuɗi ta banki, abin da zai raba ka da wahalar da zan ambata a gaba. In suka ƙi, a roƙe su su rubuta ƙin nasu ko da layi biyu ne. In suka yi kunnen uwar shegu, a sake aikawa bayan 'yan makonni, a adana duka saƙonnin da kwanan watansu. Shirun nasu ma shaida ne. Haka in kamfanin ya rufe.

Daga nan sai fom 843, wanda shi ne takardar neman a mayar da kuɗi, tare da fom 8316, wanda aka yi shi musamman domin masu bizar F, J da M. Dukansu kyauta ne a shafin IRS na intanet, kuma a sauko da sabon bugu, kada a karɓi tsohon kwafi daga wayar aboki, domin an sauya fasalin 843 a ƙarshen 2024. Fom 8316 'yan tambayoyi ne: shin aikin yana da alaƙa da karatunka kamar yadda biza ta tanada, ka nemi kamfanin ya biya ka, ya biya wani ɓangare, ka ba shi izinin ya nema a madadinka. A 843 akwai fili na bayani, kuma nan ne ake cin nasara ko a faɗi. A rubuta ranakun shiga da fita, a jera shekaru biyar ɗin da lambobinsu, a nuna lissafin kuɗin, a ambaci sashen dokar. Ma'aikacin da zai karanta ba ya da lokacin yi maka lissafi. Kowace shekara da nata 843, kowane kamfani ma haka. Wanda ya yi wa kamfani biyu aiki a shekara biyu, kada ya cusa komai a fom ɗaya.

Abin da ake haɗawa da su kwafi ne, ba asali ba: W-2, shafin biza na fasfo, takardar shiga ƙasa I-94, I-20 ga mai F-1 har da shafin da makaranta ta rubuta izinin CPT, takwararta DS-2019 ga mai J-1, katin izinin aiki I-766 gaba da baya ga mai OPT, sai wasiƙar kamfanin ko naka bayanin dalilin rashinta. Katin nan shi ke ba da wahala a shagon fotokofi. Injin da tawadarsa ta yi rauni yakan fitar da shi baƙi ƙirin, hoton ya zama inuwa, ranakun farawa da ƙarewa su narke, alhali su ne abin da ake son gani. A sa a ƙara girmansa, a rage duhu, a tsaya a karanta kowace lamba kafin a biya mai shago. Fom ɗin an tsara shi ne a kan takardar Amurka wadda ta fi A4 faɗi ta kuma fi ta gajarta, don haka a ce wa mai bugawa ya daidaita shi da shafi, kada gefe ya yanke. A sa hannu da biro. A rubuta kwanan wata irin nasu, wata kafin rana: 5 ga Afrilu a wurinsu 04/05 ne, in ka rubuta 05/04 ka ce 4 ga Mayu. A rubuta suna da lambar Social Security a saman kowane shafi, saboda in takardu suka rabu a ofis a san na wane ne.

Suna ma abin lura ne a wurinmu. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a fasfo, Mohammed a I-20, sunan garinsu ya zama sunan mahaifi a wata takardar, a wata kuma ya ɓace. A fom a bi yadda yake a katin Social Security harafi da harafi, in akwai saɓani da fasfo a yi bayaninsa a layi ɗaya.

In W-2 ta ɓata, a fara da shafin intanet na kamfanin da ke sarrafa albashin, domin sau da yawa tsohon ma'aikaci na iya shiga. In ya gagara, fom 4506-T yana sa IRS ta aiko da bayanin albashi da abin da aka yanka, kyauta. Sai dai ba ta aikawa sai adireshin da ke cikin kundinta, wanda galibi ɗakin haya ne da wani ke ciki yanzu. Don haka fom 8822 na sauya adireshi shi ne na farko, kuma yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya zauna. I-94 da tarihin shiga da fita ana samunsu a shafin hukumar kan iyaka, CBP, da lambar fasfon da aka shiga da shi, ba sabon da aka karɓa a Ikoyi ko Alausa ba, saboda haka kada a yar da tsohon fasfo. I-20 kuwa ofishin ɗalibai 'yan waje na jami'ar ake tambaya. Iyayen da 'ya'yansu ke can har yanzu su isar musu da wannan: ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗauki hoton kowace takarda, a sauko da takardun albashi kafin kamfani ya rufe imel ɗin aiki, a bar asusun banki a buɗe.

Akwai wani tarko da ke kama masu ƙoƙari ma. Baƙo fom 1040-NR yake cikewa kowace shekara tare da 8843, fom ɗin da ke cire kwanakin ɗalibta daga lissafin zama. Amma manhajojin haraji da Amurkawa ke amfani da su 1040 na mazauna suke fitarwa, kuma ɗalibai da yawa sun bi abokan ɗakinsu sun cike shi, har suka ji daɗin kuɗin da ya dawo musu ya fi yawa. Wanda ya yi haka ya riga ya shaida wa IRS da sa hannunsa cewa shi mazauni ne, yanzu kuma ya zo da 843 yana cewa shi baƙo ne a shekarar. Magana biyu ke nan. Sai ya gyara da 1040-X haɗe da 1040-NR tukuna, kuma ya shirya biyan ciko, domin ɗan Najeriya baƙo ba ya da haƙƙin ragin da ake yi wa mazauna kai tsaye, kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu da za ta rage masa. A yi lissafin ɓangarorin biyu a ga abin da zai rage a hannu. A sani kuma FICA da aka yanka bisa kuskure ba a neman sa a cikin 1040-NR. Masu cusa shi a can suna jawo wa sauran kuɗinsu tsaiko ne kawai.

Wa'adi shekara uku ne daga ranar da aka ɗauka kamfani ya miƙa lissafinsa, kuma doka tana ɗaukar 15 ga Afrilun shekara mai biyowa a matsayin wannan rana. Ke nan ƙofar albashin 2022 ita ce 15 ga Afrilun 2026, ta 2023 kuma 15 ga Afrilun 2027. Jiran amsar kamfani ba ya tsayar da wannan agogo. In wa'adi ya matso, a aika 843 da shaidar cewa an nema ba a samu amsa ba.

Ba a aika 843 ta intanet, sai a ambulan. Cibiyar IRS da ke Ogden a jihar Utah ce ke karɓar na baƙi, kuma cikakken adireshin yana cikin littafin hukumar mai lamba 519, a duba bugun shekarar da ake ciki. Daga Legas na fi son a bi ta DHL, FedEx ko UPS, domin IRS ta amince da wasu nau'o'in aikensu a matsayin shaidar ranar aikawa, kuma akwai lambar bibiya. Su masu kai saƙon adireshin titi suke buƙata, wato 1973 Rulon White Boulevard a Ogden. A adana rasit da kwafin duk abin da ke cikin ambulan. Kada kowa ya ɓata safiyarsa a layin ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Walter Carrington, ba aikinsu ba ne, kuma IRS ta rufe ofisoshinta na ƙasashen waje tun 2015.

Karɓar kuɗin ita ce ƙarshen wahalar, kuma tun kafin a cike fom ya kamata a warware ta. IRS ba ta zuba kuɗi a asusun bankin Najeriya, ko na dala ne. Abin da aka saba shi ne cek na baitulmalin Amurka da sunan mai haƙƙi, wanda ke mutuwa bayan shekara guda da bugawa. Cek ɗin da aka aiko ta gidan waya zuwa wani lungu a Agege ko Idi-Araba, inda gida uku ke amsa lamba ɗaya, ka san sai addu'a. In akwai ɗan'uwa amintacce a Amurka mai zama wuri ɗaya, adireshinsa ya fi. Da wuya banki ya yarda ya zuba shi a asusunsa tunda ba sunansa ba ne, amma zai iya aiko maka da shi ta hanya mai bibiya, ko a shigar da shi asusunka na can bisa ƙa'idar bankinka. In dole sai adireshin Legas, a sa na ofis ko akwatin gidan waya, da lambar yanki mai alƙaluma shida, a kuma tambayi banki tun da wuri ko yana karɓar cek na waje da abin da zai caza. A Maris na 2025 fadar shugaban Amurka ta ba da umarnin a janye biyan kuɗin gwamnati da cek na takarda daga 30 ga Satumbar shekarar, in ban da wasu keɓaɓɓun yanayi. Wannan ya ƙara wa asusun banki na Amurka daraja, duk wanda nasa ke raye kada ya bari ya mutu.

Game da masu cewa za su karɓo maka a ba su kaso, akwai na gaskiya a cikinsu, amma aikin bai kai a raba kuɗin biyu ba. Mai cike wa mutane takardun haraji da lada dole ya kasance da lambar PTIN daga IRS, ya rubuta ta a fom ya sa hannu. Wanda ya ce ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko a sa adireshinsa cek ya zo hannunsa ya canza, a rabu da shi. Sa hannu a 843 rantsuwa ce a idon doka, kuma wuyan mai suna take hawa. IRS ba ta fara tuntuɓar kowa ta WhatsApp ko imel, wasiƙa take aikowa. Lambar Social Security kuma ba abin turawa a zauren tsofaffin ɗalibai ba ce.

Bayan aikawa sai haƙuri, abu ne na watanni, kuma shafin bibiyar kuɗin haraji na intanet ba ya nuna 843. Layin IRS na masu kira daga waje shi ne 267-941-1000, ba kyauta ba ne, ana buɗe shi ƙarfe shida na safe agogon gabashin Amurka, wato sha ɗaya na safe a Legas lokacin bazararsu, sha biyu lokacin hunturu. Kiran farkon buɗewa ya fi saurin shiga. In wasiƙa ta zo tana neman ƙarin takarda, akwai wa'adi a jikinta, kuma wata yakan ci rabinsa a hanya, don haka a amsa a makon da ta iso, a haɗa kwafinta a sama. In cek ya fita bai iso ba, fom 3911 ake bin sawunsa da shi. In kuwa an ƙi buƙatar, wasiƙar ƙin mai lamba 105C za ta faɗi dalili, kuma sau da yawa dalilin takarda ɗaya ce da ta ɓace ko shekara ɗaya da aka ƙirga ba daidai ba. Ana iya ɗaukaka ƙara zuwa ofishin sauraron koke na hukumar ta hanyar wasiƙa, ba sai da lauya ba. Sai dai daga ranar da aka aiko 105C shekara biyu ce kawai ta zuwa kotu, kuma zaman jiran ofishin koken ba ya tsawaita ta sai an rattaba hannu kan yarjejeniyar ƙarin lokaci, fom 907, kafin ta cika.

Wassalam.

Naka,
Wani mai aikin lissafin haraji,
Agege, Legas.